Burtuntuna ba ta kama dawa sai ta yi aure

Manoman Tambuwal, Kebbe da Bodinga sun san baƙin garin da ke fashewa a zangarniyar dawa lokacin girbi. Mafi yawa suna ɗaukar burtuntuna a matsayin abin da iska ta kawo a ƙarshen damina. A nau'in da ya fi addabar mu ba haka ba ne: tun ranar shuka cutar ta shiga.

Burtuntuna fangas ce, dangin funfuna, kuma baƙin garin nan shi ne irinta. Idan ya sami danshi sai ya tsira, ya rabu zuwa ƙwayoyi 4, kowacce da rabin gadon halitta. Ƙwaya ɗaya ita kaɗai ba ta iya cutar da shuka ko kaɗan, sai dai ta yi ta hayayyafa kamar yis. Dole sai ta sami abokiya mai jinsi daban sun haɗe, wannan haɗuwar ita ce aurenta.

An fi nazarin wannan a kan burtuntunar masara, Ustilago maydis, musamman a ɗakin binciken Regine Kahmann da ke Jamus. Wurare biyu ne a jerin ƙwayoyin gadonta ke riƙe da ragamar. Na farko, wanda ake kira a, yana fitar da sinadarin kira da kuma abin da ke jin kiran, da shi ƙwayoyi biyu ke gane juna su miƙo zare su haɗu. Na biyu, b, yana samar da furotin biyu, bE da bW. Waɗannan ba sa kama juna in daga ƙwaya ɗaya suka fito. Sai bE na wannan ya haɗu da bW na waccan, sannan su kunna samar da wani furotin mai suna Rbf1, shi kuma ya tada sauran makaman huda ganye da ɓoyewa daga kariyar shuka. Wato makunnin aure shi ne makunnin cuta. Da masana suka haɗa bE da bW masu dacewa cikin ƙwaya guda, sai ta kama masara ba tare da aure ba. A 2006 aka fitar da cikakken jerin gadonta, mai ƙwayoyin gado kusan 6,900.

Ga inda abin ya shafi gona. Burtuntunar da ke maye ƙwayar dawa ɗaya bayan ɗaya, Sporisorium sorghi, tana manne wa iri ne wajen sussuka. Irin na tsirowa, ita ma tana tsirowa, ta yi aurenta a jikinsa, ta shige tsiron kafin ya leƙo ƙasa. Daga nan ta bi zuciyar kara shiru har dawa ta fitar da kai. Feshin da aka yi bayan an ga baƙi asarar kuɗi ne.

Saboda haka nake ganin wanke iri da magani ya fi kowane feshi muhimmanci. Fakitin Apron Star mai giram 10 na kilo 4 ne na iri. A auna irin, a zuba a roba mai murfi, a yayyafa ruwa kaɗan don maganin ya kama, a girgiza har kowace ƙwaya ta rine, a shanya a inuwa, a shuka. Inda ake kuskure shi ne a miƙa fakiti ɗaya ga rabin buhu, ko a barbaɗa shi a bushe ya taru a gindin kwano. Kada a gauraya da hannu tsirara, kada a yi a ƙwaryar abinci, kuma abin da ya rage ba na mutum ba ne, ba na kaji ba.

Amma kada malaman gona su yi wa manomi alkawarin da maganin bai ɗauka ba. Burtuntunar da ke mai da kan dawa gaba ɗaya baƙi da zare-zare, Sporisorium reilianum, a ƙasa take zama shekaru, sai an haɗa da sauya shuka zuwa wake ko gyaɗa. Ta gero da wani nau'in ta dawa da ake kira doguwar burtuntuna kuwa iska ke kai su ga fure. Ta masara tana son rauni da gemun goyo, yawan Urea kuma yana ƙara mata ƙarfi, masu noman rani a Goronyo da Wurno su kula.

Duk kan da ya kamu a yanke shi tun fatarsa ba ta fashe ba, a sa a buhu, a ƙone a wajen gona. Dawar da za a ajiye don iri a zaɓe ta tana tsaye, a sussuke ta daban, kafin a ɗaure dami.