Ku ƙyale Inna ta kai ƙara wajen Ubangijinta

Wai har an samu masu yi wa Inna fatawa don ta ɗaga hannu a zaman makokin ɗanta ta ce, "Ya Allah kana gani, sai yaushe?" Matar da aka sayar da gona da shanun huɗa aka kai kuɗin fansa daji, aka ƙirga kuɗin tas, sannan aka bugo waya a zo a ɗauki gawa. Ita ce kuke cewa ta yi saɓo, ta yi istigfari. Sannunku da ƙoƙari, malamai. Wanda ya harbe yaron ba ku samo masa aya ko ɗaya ba, duk ayoyin naku uwar suka gani.

To ku buɗe Alƙur'anin. Suratul Mujadala da me ta fara? Da Khaula, tana jayayya da Manzon Allah (SAW) kan abin da mijinta ya yi mata, tana kai kuka ga Allah, Allah ya ce ya ji. A Baƙara aya ta 214, wuya ta kai wuya har Manzo da muminan da ke tare da shi suka ce yaushe taimakon Allah zai zo. Annabi Yaƙubu kuka ya yi har idonsa ya yi fari. A Nisa'i 148 kuwa, wanda aka zalunta an ba shi damar ya faɗa da ƙarfi. Ku kuma kun ce ta yi shiru.

"Ai ƙaddara ce." Mun ji. Inna ba ta musa ba, ita ta fara cewa innalillahi kafin ku iso. Amma ƙaddara ba ta taɓa wanke azzalumi ba. A Disambar 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, aka binne sama da mutum 80. Abin da ya fi saurin isa garin shi ne "a yi haƙuri, a bar wa Allah". Kullum talaka ake koya wa haƙuri, ban taɓa jin an tara masu iko an karanta musu babin zalunci ba.

Wallahi ni ma na sha kwanciya da wannan tambayar a ƙirjina, don sakayyar tana jinkiri har zuciya ta gaji. Abin da ke riƙe ni shi ne hadisin Muslim, cewa ranar ƙiyama har tunkiya maras ƙaho sai an rama mata a kan mai ƙaho. In an bi wa dabba haƙƙinta, jinin ɗan Inna ba zai bi ruwa ba. Ita ma ta san haka, shi ya sa ta ce "kana gani". Wanda ya fid da rai ba ya ɗaga hannu. Ku ƙyale ta ta yi kukanta.

Af, ku kuma masu zuwa ta'aziyya da mai ɗaukar hoto, ku ajiye buhun shinkafa ɗaya ku sa marayu su tsaya kusa da shi a ɗauka har sau uku, don Allah wa ya fara kawo mana wannan ɗabi'ar?