Shel ɗin da kake so daban, wanda kwamfutar saba za ta gane daban

Ranar Asabar muna zaune wajen mai shayi a Agege da wasu 'yan uwa masu harkar kwamfuta, sai musu ya ɓarke kan wane shel ne ya fi, wato manhajar da ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce, irin su Bash, Zsh da Fish. Wani ƙanena da ke aiki a Yaba ya dage wai Fish ta gama da kowa, ɗayan kuma ya ce shi in ba Zsh ba ko kyauta ba ya so. Na ce musu abu biyu kuke haɗawa shi ya sa musun ya ƙi ƙarewa.

In maganar inda za ka riƙa buga umarni kullum ce, to wannan son ranka ne. Fish tun 2005 take, kana fara rubutu za ta ƙarasa maka sauran da launin toka daga abin da ka taɓa bugawa, in ka rubuta umarnin da babu shi sai ya koma ja tun kafin ka danna Enter, kuma duk ba sai ka yi wani saiti ba. Zsh ma tana iyawa amma sai ka ɗora mata ƙarin kayan saiti irin su Oh My Zsh, in ka cika mata su kuma buɗewa ma sai ta yi maka go-silo kamar gadar Third Mainland ta Legas da safiyar Litinin. Masu Mac dai tun 2019 Apple ta mayar musu da Zsh, Bash ɗinsu kuwa ya maƙale a siga 3.2.

Sikirif, wato fayil ɗin umarnai da kwamfuta ke bi da kanta, shi ne inda nake da ja. Abin da ka rubuta ba a laftof ɗinka zai zauna ba, saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu aiki ba dare ba rana, za ta gudanar da shi ƙarfe biyun dare kana barci, ko wani ya gaje shi bayan ka bar aikin. Bash da Brian Fox ya fitar a 1989 kusan duk sabar Linux da ka shiga za ka same shi. Fish kuwa da gangan ba ta bin ƙa'idar POSIX, wato ƙa'idar bai ɗaya da shel irin su Bash ke bi, ko sa wa abu ƙima sai ka rubuta umarnin set. Zsh kuma ƙirgen abubuwan da ke cikin jerinta daga 1 yake farawa, na Bash daga 0, wannan kaɗai ya isa ya sa ka goge fayil ɗin da ba shi ka nufa ba.

Ni ma na sha. Na rubuta wa wani ɗan kasuwa a kasuwar Computer Village sikirif na ajiye kwafin bayanansa, na sa #!/bin/sh a sama, wato layin da ke faɗin shel ɗin da zai gudanar da shi, a ciki na yi amfani da alamar [[ ]] irin ta Bash. A Mac ɗina lafiya lau, da na kai sabar Ubuntu ashe sh ɗin can wani shel ne daban mai suna Dash tun 2006, bai san wannan alamar ba. Sati biyu ba kwafi ko ɗaya, Allah ne ya rufa asiri ba abin da ya ɓace.

Tun daga nan in Bash nake nufi Bash nake rubutawa a layin farko, sannan in bi da ShellCheck mai duba kurakuran sikirif, shi zai tona maka irin wannan kwaɓar. In sikirif ya fara wuce layi ɗari kuma na koma yaren Python. Ƙanen nawa ya ce zai ci gaba da Fish ɗinsa, na ce bismillah, kar dai in ganta a cron, wato inda ake sa wa sikirif lokacin da zai gudana da kansa.