Tsoron maciji ba darasi ba ne

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi alƙawarin rage mace-mace da naƙasar da saran maciji ke jawowa da rabi kafin 2030. Wa'adin na ƙaratowa, amma duk ranar 19 ga Satumba, ranar wayar da kai kan saran maciji, zancen bai wuce a ƙara kuɗi a sayo maganin dafi ba. Ba wanda ya ce kada a saya. Abin haushin shi ne ba a sa ajin makaranta a lissafi, alhali a nan ne waɗanda dafi ya fi yi wa illa suke wuni.

Alƙaluman hukumar sun nuna mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara, waɗanda ake yanke wa gaɓa ko suke naƙasa kuma sun kai ninki uku. Yaro ya fi shan wahala domin maciji ba ya auna dafi da girman jiki. Abin da zai zuba wa ƙato, shi zai zuba wa yaro mai kilo 20, shi ya sa ma likita ke ba yaro maganin dafi daidai da na babba.

Duk da haka akwai iyaye da malaman da ke cewa a bar yara da tsoronsu, wai sanin maciji zai sa su raina shi. Wannan ra'ayi shi ke kashe yara. Tsoro ba ya gaya wa yaro inda zai taka. Abin da yake koya masa shi ne ya ɗauki sanda, ya yi jifa, ya kira abokansa su taru a kan dabbar da da ma hanyar gudu take nema. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. To, wanda bai san maciji ba yakan guje wa tsumma ya zura hannu a rami.

Kowace dokar kariya daga halittar macijin ta fito, kuma yaron da ya san dalili ba ya mantawa. Maciji ba shi da kunnen waje, girgizar ƙasa yake ji ta ƙashin muƙamuƙi, don haka ba a dogara da ihu wajen korarsa. Takun ƙafa yakan sa wasu su zame, amma kasa ba ta gudu, lafewa take yi ta dogara da launin fatarta har a taka ta. Ga dalilin tocila da takalmi mai rufe idon sawu. Jikinsa ba ya samar da zafi da kansa, don haka da rana yana fakewa a ramuka, tarin itace da ƙarƙashin duwatsu, da yamma ya fito kan hanyar da ta sha rana. Harshen da yake fitarwa ba shi ne makamin ba, ƙamshi yake ɗauka da shi ya kai ganɗa. Ɓera yake bi, saboda haka shara kusa da ɗakin kwana gayyata ce. Kan da aka sare kuma yana iya sara bayan an ɗauka ya mutu.

Darasin dafi ya ma fi muhimmanci. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa: yaro zai iya yin sa'o'i ba abin da ake gani sai ciwo da kumburi a wurin saran, sai dasashi ya fara zubar da jini. A asibiti ana zuba jini kamar mililita 2 a busasshiyar kwalbar gilashi, a jira minti 20; in bai daskare ba, dafi ya shiga. Dafin kasa kumburi yake sawa da ruɓewar nama. Na wasu gamsheƙa jijiyoyi yake kamawa, fatar ido ta fara faɗuwa, numfashi ya yi wuya. Mai tofa dafi kuma ido take nema daga nisan kamar mita 2, maganin farko shi ne wanke idon da ruwa mai yawa nan take.

Wanda ya fahimci wannan zai gane da kansa me ya sa ɗaure ƙafa tamau ke jawo yanke ta, me ya sa tsaga wurin saran ke ƙara zubar jinin da da ma ya ƙi tsayawa, me ya sa tsotsa da baƙin dutse ɓata lokaci ne. Abin yi kaɗan ne: a matsa daga wurin, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar karan ɗori don kada ta motsa, a ɗauki yaron kada ya taka, a nufi asibiti. Ban da asfirin, yana ƙara zubar jini. Ban da bin macijin don a kai wa likita.

Masu koya wa yara cewa mai dafi shi ne mai kai kusurwa uku su daina, gamsheƙa ba ta da irin wannan kai. Masu kawo macizai masu rai cikin aji kuwa wasan kwaikwayo suke, kuma darasin da yaro ke ɗauka shi ne ana iya kamawa.

Nau'in macizai sun kai kimanin 4,000, kimanin 600 ne masu dafi, yaro kuwa huɗu ko biyar na yankinsu kawai yake buƙatar sani. Darasi uku ko huɗu a cikin kimiyyar firamare sun isa, a maimaita su kafin damina, da hotuna, da saɓar maciji a hannun malami, da gwajin ɗaura karan ɗori a jikin juna. Masu tsara manhaja da suka samar wa sassan fure gurbi ba su da hujjar cewa jadawali ya cika.