Mai Shiga Tsakani, Ka San Iyakar Abin Da Ke Hannunka

Ƙannena masu sha'awar aikin jakadanci da sasanta rikici, ku zauna ku karanci rayuwar Ralph Bunche da idon basira. Ba don lambar yabo ta Nobel da ya samu a 1950 kawai ba, ko da yake shi ne baƙar fata na farko da ya karɓe ta. Ku karance shi domin a hannunsa za ku ga yadda sulhu ke ɗinkuwa, a hannunsa kuma za ku ga inda zare ke tsinkewa.

Abu na farko, bai shiga sabgar Afirka da ka ba. Ba'amurke ne, haifaffen Detroit, amma digirinsa na uku a Jami'ar Harvard a 1934 a kan yadda Faransa ke mulkin Togo da Dahomey ya yi shi, kuma sai da ya taka ƙasashen da ƙafarsa. Shi ya sa a 1945 aka sa hannunsa wajen tsara sashen riƙon amana na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wato tsarin sa ido kan wasu yankunan da ba su kai ga mulkin kai ba, daga baya ya shugabanci ofishin. Kada ku ɗauka wannan labarin nesa ne. A ƙarƙashin tsarin nan aka yi ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, wadda ta sa Arewacin Kamaru ya haɗe da Nijeriya ya zama Lardin Sardauna. Wanda bai san tarihin filin da ake faɗa a kansa ba, da wanda ya shata iyakar, da dalilin shata ta, to ya bar kujerar sulhu ga wanda ya sani.

Yanzu ku dubi yadda ya yi aiki a tsibirin Rodos a 1949, bayan an harbe shugabansa Folke Bernadotte, mai shiga tsakani na Majalisar a yaƙin Larabawa da Isra'ila, a Birnin Ƙudus cikin Satumbar 1948, shi kuma ya gaje shi. Wakilan Masar da na Isra'ila otal guda aka sauke su, alhali da farko ko gaisuwa ba sa son yi. Bunche bai matsa musu lallai sai sun zauna teburi ɗaya ba. Yakan gana da kowane ɓangare shi kaɗai, ya ji matsayinsa, ya rubuta daftari da kansa, ya kai wa wancan, ya dawo da gyara. Amfanin haka babba ne: mutum ya fi sauƙin karɓar shawarar mai shiga tsakani a kan ya ce ya amince da ta abokin gabarsa, domin babu wanda yake so a ce a gida ya sunkuya. Sannan bai ɗauko dukan rikicin lokaci guda ba. Ya tsaya kan abin da za a iya aunawa, wato layin da sojoji za su tsaya, yawan dakarun da za a bari kusa da shi, da musayar fursunoni. Ya kuma raba tattaunawar ƙasa-ƙasa. Masar ta sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta da Isra'ila ranar 24 ga Fabrairu, Lebanon a Maris, Jordan a Afrilu, Siriya sai Yuli. Makonni shida ya kwashe a kan ta farko kaɗai. Ku masu so a kira taro da hantsi a ɗauki hoto da la'asar, ku riƙe wannan.

Kongo ce ta nuna masa ɗaya fuskar aikin. Yana Leopoldville, Kinshasa ta yau, ranar 30 ga Yuni 1960 da ƙasar ta karɓi mulki daga Beljiyam. Cikin mako guda sojoji suka yi bore, Beljiyam ta sauke dakarunta, ranar 11 ga Yuli kuma Moise Tshombe ya ɓalle da Katanga mai arzikin tagulla. Kwamitin Sulhu ya amince a tura runduna ranar 14 ga wata, washegari sojojin farko suka sauka. Rundunar ta kai kusan mutum 20,000, har da sojojin Nijeriya daga baya.

To ina aka samu giɓi? A fahimtar umarnin. Firaminista Patrice Lumumba ya ɗauka rundunar ta zo ne ta taya shi ƙwato Katanga. Babban Sakatare Dag Hammarskjöld da Bunche kuwa sun tsaya a kan cewa ba za ta shiga faɗan cikin gida ba, ba za ta yi harbi ba sai don kare kai. Takarda ɗaya, karatu biyu. Da Bunche, wakilin Babban Sakatare a Kongo, ya je Elisabethville, babban birnin Katanga, a farkon Agusta ya ga yanayi, sai ya ba da shawarar a dakata da shigar da sojoji. Bayan 'yan kwanaki Hammarskjöld ya shiga Katanga da sojojin Suwidin ba tare da wakilin gwamnatin Lumumba ba. A wurin Majalisa dabara ce ta kauce wa zubar da jini. A wurin Lumumba cin amana ne, kuma a ganina yana da hujjar jin haka. Daga nan yarda ta mutu, ya juya ga Tarayyar Sobiyet neman jirage da motoci, yaƙin cacar baka ya shigo ɗakin.

Don haka tun ranar farko ku faɗa wa kowane ɓangare, a rubuce, abin da za ku yi da abin da ba za ku yi ba, ko da zai ɓata masa rai. Kada ku gana da ɗan tawaye a bayan idon wanda ya gayyato ku. Ku kuma lura cewa kowane mataki yana da wanda yake cuta, ko da kun kira shi na tsaka-tsaki. A Satumba, bayan Shugaba Kasavubu ya ce ya tsige Lumumba, Andrew Cordier, wanda ya riƙe ofishin wakilin Majalisar bayan tafiyar Bunche, ya rufe filayen jirgin sama da gidan rediyon babban birni da sunan hana tarzoma. Kasavubu yana iya magana ta rediyon Brazzaville a tsallaken kogi, Lumumba kuwa aka toshe masa baki. Ranar 14 ga watan hafsan sojoji Mobutu ya karɓe iko. An kashe Lumumba a Katanga ranar 17 ga Janairu 1961, Hammarskjöld kuma ya rasu a haɗarin jirgi kusa da Ndola, a Zambiya ta yau, cikin Satumbar shekarar, yana kan hanyar ganawa da Tshombe.