Ga Ƙannena Masu Karanta Labaran Matsafan Wales

Ƙannena maza da mata, na daɗe ina lura da irin littattafan Turanci da kuke tura wa juna a waya, waɗanda aka rubuta musamman domin matasa, inda yarinya 'yar shekara 16 za ta koma gidan kakarta a wani ƙauye da ke tsakanin duwatsun Wales, sai ta gano cewa ta gaji tsafi ta wajen uwa, kuma ita kaɗai ce za ta iya karya wata tsohuwar la'ana. Ba zan ce ku daina karantawa ba, domin ni ma na karanta irinsu, kuma na san yadda suke hana mutum barci. Abin da ya dame ni shi ne, da yawa daga cikinku kuna haɗiye abin da ke ciki gaba ɗaya, ba ku bambance tsohon labarin mutanen Wales da abin da marubuciyar yau ta ƙara daga kanta, ba ku kuma bambance su biyun da tsafin da wasu mutane suke yi da gaske.

Wales yanki ne a yammacin tsibirin Birtaniya, kuma mutanensa suna da harshensu da ba Ingilishi ba, wanda ƙidayar shekarar 2021 ta nuna kimanin mutum 538,000 ne suke magana da shi a can. Yawancin sunayen da kuke gani a waɗannan littattafai sun fito ne daga labarai 11 da ake kira Mabinogion, waɗanda suka tsira a rubuce-rubucen hannu guda biyu: Farin Littafin Rhydderch, da aka rubuta wajen shekarar 1350, yana ajiye a ɗakin karatu na ƙasa da ke Aberystwyth, da Jan Littafin Hergest, na wajen shekarar 1400, wanda ke Oxford. Wata Baturiyar Ingila mai suna Charlotte Guest ta soma fitar da cikakkiyar fassararsu cikin Ingilishi a 1838, kuma tun daga shekarun 1960 marubutan Ingila da Amurka suke ɗiba daga wannan rijiya suna shirya wa matasa labarai. Waɗanda suka kwafi labaran da hannu Kiristoci ne, kuma sun kwafe su ne a matsayin hikayoyin magabata, ba littafin ibada ba.

Ina so ku ji labarin Rhiannon, wata matar sarki a cikin Mabinogion, yadda yake a asali, domin ita ce aka fi sauya wa kama. Ta haifi ɗa namiji, aka sa mata shida su kwana suna gadinsa, barci ya kwashe su, da suka farka babu jariri. Saboda tsoron hukunci sai suka yanka 'yan kwikwiyo, suka shafa mata jinin a fuska da hannu tana barci, suka zuba ƙasusuwan a gabanta, sannan suka rantse cewa ita ce ta cinye ɗanta. Ta roƙe su su faɗi gaskiya, ta yi musu alkawarin za ta kare su, suka ƙi. Aka yanke mata hukuncin zama a bakin ƙofar fada a Arberth har shekara bakwai, tana ba duk baƙon da ya zo labarin laifin da ba ta aikata ba, tana kuma tayin goya shi zuwa cikin fada kamar dabbar hawa. Sai daga baya wani mutum mai suna Teyrnon, wanda ya tsinci yaron ya rene shi, ya lura da kamanninsa da mahaifinsa, ya mayar da shi gida, aka raɗa masa suna Pryderi, wato damuwa. Wannan labari ne na ƙazafi da haƙuri, kuma babu inda ya ce a bauta wa Rhiannon ko a kunna mata kyandir. Masana na baya ne suka yi hasashen cewa wataƙila tana da alaƙa da wata abar bauta ta zamanin da ya shuɗe, sai masu littattafan yau suka ɗauki hasashen suka mayar da shi tabbas.

To daga ina zanen da'ira a ƙasa, da kunna kyandirori, da kiran sunayen Rhiannon da Ceridwen, wata matsafiya ta tsofaffin labaran Wales, a daren cikar wata suka fito? Mafi yawansu daga wani sabon addini ne da ake kira Wicca, wanda wani Baturen Ingila, Gerald Gardner, ya bayyana wa duniya a shekarun 1950, bayan an soke dokar hana maita ta Birtaniya a 1951. Tun kafin shi ma, wani mutumin Wales da aka fi sani da Iolo Morganwg, wanda ya mutu a 1826, ya ƙirƙiro takardu na jabu ya ce na malaman tsafin da ne, kuma an yi shekaru masu yawa ana gaskata shi kafin masana su bankaɗo asirinsa. Saboda haka idan littafi ya gaya muku cewa wani surkulle ya shekara dubu ana gadonsa daga uwa zuwa 'ya, ku sani cewa galibi bai kai shekara ɗari ba, wani ma marubuciyar ce ta tsara shi a kan teburinta.

A nan ne nake so ku tsaya ku yi hankali. Karanta labarin da matsafi ya fito a ciki daban ne da koyon tsafi, kuma mu ma mun tashi da tatsuniyoyin dodo da aljanu ba tare da imaninmu ya girgiza ba. Amma na ga yadda ake zamewa daga wannan zuwa wancan: an gama littafi, an shiga TikTok neman sunan jarumar, sai ga bidiyon masu koyar da yadda ake haɗa laya domin jawo saurayi ko yadda ake duba da kati, a ce gwaji ne kawai. Sihiri ba abin gwaji ba ne. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi magana a kan masu koyon abin da ke cutar da su kuma ba ya amfanar da su, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa sihiri cikin abubuwa bakwai masu halakarwa. Duk wanda ya ji zuciyarsa ta fara karkata daga jin daɗin labari zuwa son gwada abin da ke ciki, to ya rufe littafin, ya nemi wani babba da ya yarda da shi su yi magana.

Akwai kuma wani abu da ya fi ci mini rai. Kalmar da waɗannan littattafai suke yi wa kwalliya, wato witch a Turance, mu da mayya muke fassara ta, alhali ba abu ɗaya ba ne. Tasu jarumar mai haɗa magani da ganyaye ce, ta fi kusa da boka ko 'yar magori, amma maye a wurinmu shi ne wanda ake zargi da kama kurwar mutum, kuma wannan zargi yana raba mace da gidanta. Ina jin wasunku mata kuna kiran kanku mayu a shafukanku domin ado, kun manta cewa a unguwanninmu akwai tsofaffin da aka daina sayen ƙosansu, aka hana jikokinsu miji, saboda wani yaro mai zazzaɓi ya ambaci sunansu. A arewacin Ghana, garin Gambaga sananne ne da sansanin matan da aka kora daga garuruwansu bisa wannan zargi.

Wales ɗin ma ta san wannan ciwo. A shekarar 1594 aka rataye wata mata mai suna Gwen ferch Ellis a garin Denbigh, kuma ita ce ta farko da aka san an kashe a can bisa tuhumar maita. Mai ba da magani ce ga mutane da dabbobi, kuma abin da ya fara jawo mata bala'i shi ne wata rubutacciyar laya da aka tsinta a gidan wani mai faɗa a ji, Thomas Mostyn. Daga nan shaidu suka taso, kowa da abin da ya ce ta yi masa. Mutum biyar ne aka san an kashe a Wales a kan maita, adadi kaɗan idan aka kwatanta da Scotland, amma kowane ɗaya daga cikinsu maƙwabtansa ne suka tsaya suka ba da shaida a kansa, kamar yadda mata shida suka yi wa Rhiannon.

Fassarar Charlotte Guest tana nan kyauta a intanet, ko da yake ta sassauta wasu wurare saboda kunyar zamaninta. Labarin Rhiannon yana cikin reshe na farko na labarai huɗun da ake kira rassan Mabinogi, wanda ya fara da mijinta Pwyll, sarkin Dyfed da ke Wales, kuma bai fi ƙarfin karatun yamma ɗaya ba. Ku karanta shi, sannan ku buɗe littafin da ke cikin wayarku ku ajiye su gefe da gefe, ku ga abin da aka bari da abin da aka cire da abin da aka cusa.