Madam Koi Koi ta riga Dodo shiga ɗakin 'ya'yanmu

Gidan da muke haya a Agege irin gidajen nan ne masu ɗakuna a jere, ƙofa na kallon ƙofa, banɗaki kuma can ƙarshen lungu, bayan inda mata ke ɗora tukwanensu. Wani dare cikin damina aka ɗauke wuta bayan isha'i, sai na ga ɗiyata mai shekara tara tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na ce, “Ke, lafiya?” Ta ce, “Abba, don Allah ka raka ni.” Yarinyar da tun tana shekara shida take zuwa ita kaɗai. Da na matsa mata da tambaya sai ta raɗa mini a kunne, da Turancin burokan nan da suke yi a makaranta, wai Madam Koi Koi na fitowa in babu wuta.

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Kudu ya san wannan suna. Wai wata malama ce mai jan takalmi mai tsini, ta mutu amma ba ta daina zagaya ɗakunan kwanan ɗalibai ba, cikin dare sai a riƙa jin takunta, ƙwas, ƙwas. Ɗiyata ba ta taɓa kwana a makaranta ba. Wata 'yar ajinsu ce ta ba ta labarin da aka fita tara, har da rantsuwa cewa yayarta ta gan ta ido da ido.

Mahaifiyata tana gidan a lokacin, ta zo daga Zariya ganin likitan ido. Tana kishingiɗe kan tabarma tana jin mu. Ta ce, “Zo nan, kishiyata. Mai takalmi ce ta hana ki fita? Zauna ki ji wanda ya fi ta.” Sai ta gyara murya ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Yarinyar ta yi shiru tana kallonta, ba ta san amsar ba. Ni na amsa daga inda nake zaune, “Ta zo mu ji ta,” kuma abin ya tsaya mini a rai. Shekara tara ina renon 'ya a Legas ban koya mata waɗannan kalmomi biyar ba.

Inna ta kawo tatsuniyar budurwar nan da ta ce ita ba ta auren mai tabo. Aljani ya ji labari, ya bi daji yana aro, nan ya ari ƙafa, can ya ari hannu, gaba ya ari fata mai sheƙi, ya shigo gari santalelen saurayi. Aka ɗaura aure, suka kama hanyar garinsu. Suna tafe yana mayar wa kowa kayansa, har ya rage sauran kai kawai yana mirginawa a gabanta yana cewa ta biyo shi. A nan Inna ta rage murya, fitilar waya na haska rabin fuskarta. Yaran maƙwabta uku sun riga sun shigo sun manne da juna. Wata maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da burodi, wadda ke jin Hausa sarai, ta leƙo ta ce ai su ma kakarsu ta ba su wannan labari a garinsu. Da budurwa ta kuɓuta ta dawo gida, Inna ta tafa hannu ta ce, “Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya, da ma ƙaryar ce na shara muku.”

A daren dai ni na raka yarinyar banɗaki, tsoro bai fita gaba ɗaya ba. Amma a hanya tambayata take yi wanda ya ara wa aljanin fata, ba ta sauraron takun kowa. Labarin Inna ya fi na Madam Koi Koi ban tsoro nesa ba kusa ba, sai dai shi yana da ƙofar shiga, yana da ta fita, kuma mai ba da shi ta faɗa da bakinta cewa ƙarya ce. Na 'yar ajinsu ya zo da rantsuwa, an kuma bar shi a buɗe, shi ya sa ya biyo ta har gida.

Ra'ayina ke nan, kuma na san wasu iyaye ba za su so shi ba: muna bukatar labaran ban tsoro a rubuce da Hausa, na yara daban, na manya daban, kuma Hausawan Legas sun fi kowa bukatarsu. Yaro zai nemi abin da zai tayar masa da tsigar jiki ko an so ko an ƙi. In bai samu a gida ba zai samu a makaranta, ko a YouTube, ko a finafinan da ake kunnawa a shagon aski. Abin da ke hannunmu shi ne harshen da zai ji tsoron da shi, da wanda zai zauna kusa da shi lokacin da yake ji.

Wannan ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku, cike da Dodo da iskoki da mayu. Gasar rubutun da aka shirya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun littattafan Hausa na farko, ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a 1934, kuma duk wanda ya karanta shi a firamare ya tuna tafiyar ta kai har ƙasar aljanu. Maƙwabtanmu Yarabawa sun bi wannan hanya a kusan lokaci guda: a 1938 D. O. Fagunwa ya fitar da labarin maharbin da ya shiga dajin iskoki, Wole Soyinka ya mayar da shi Turanci a 1968. Su sun riƙe nasu, suna karantar da shi, suna juya shi zuwa wasan kwaikwayo. Mu kuwa sai muka bar Dodo a ƙauye, kamar wani tsohon kaya da ake jin kunyar shigowa da shi birni.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu ƙin irin waɗannan labarai ta addini ce, kuma ba hujjar da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ce. Wani dattijo da muke salla tare ya ce da ni, “Malam, mamaci ba ya dawowa. Me ya sa za ka cusa wa yaro fatalwa a kai?” Gaskiyarsa. Aya ta 99 da ta 100 a Suratul Mu'minun sun bayyana cewa wanda ya mutu ko ya roƙi a mayar da shi ba a mayar da shi, akwai barzahu a bayansu har ranar tashi. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma haka nake koya wa 'ya'yana. Amma na ce masa, “Baba, kura ma ba ta magana, Gizo bai taɓa auren Ƙoƙi ba, kuma ba mu taɓa jin wanda imaninsa ya raunana saboda su ba.” Yaron da aka buɗe wa labari da ga ta nan aka rufe masa da ƙurunƙus ya san a wace duniya yake. Wanda ke cikin haɗari shi ne wanda ba a taɓa nuna masa bambancin tatsuniya da labarin gaskiya ba.

Inda nake tare da dattijon nan shi ne abin da labarin ke koyarwa a ƙarƙashi. Aljanu gaskiya ne, sura ta 72 sunansu gare ta, hadisi ma ya ce a tsare yara a gida idan magariba ta kawo kai. Amma Alƙur'ani ya kuma ba mu labarin rasuwar Annabi Sulaimanu a Suratu Saba'i: aljanu suka ci gaba da aikin wahala yana tsaye jingine da sandarsa, ba su san ya rasu ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Ba su san gaibu ba. Marubucin da ya rubuta wa yara aljanin da ya san abin da zai faru gobe, ko ya sa boka ne ya ceci kowa a shafin ƙarshe, ya yi ɓarna, kuma iyaye suna da haƙƙin ture littafinsa gefe. Wanda ya rubuta yarinyar da gabanta ke faɗuwa amma ta yi addu'a ta yi dabara ta fita, ya ba yaro abin da zai riƙe a lungu mai duhu.

Abin da ya fi ba ni tsoro a Legas ta yau ba a littafi yake ba, a waya yake. Saƙon murya ne a WhatsApp da ke farawa da “wallahi wannan ya faru a unguwa kaza”, ko bidiyon ruƙiyya inda wata baiwar Allah ke birgima, murya na fita daga bakinta tana ambaton wadda wai ta turo ta. A wani gida da na taɓa zama, wani yaro ya yi ta zazzaɓi, sai magana ta fara zagayawa cewa wata tsohuwa mai zaman kanta a ɗakin ƙarshe ce ta kama masa kurwa. Matar nan mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Arewa, ƙuli-ƙuli take sayarwa. Na ga yadda mata suka daina karɓar gishiri daga hannunta, yara na gudu in ta fito alwala. Da aka kai yaron asibiti aka auna jini, zazzaɓin cizon sauro ne, ya warke cikin mako guda. Ita kuwa ba ta warke ba, ta tattara kayanta ta bar gidan kafin kuɗin hayarta ya ƙare. Jifan mutum da maita laifi ne a dokar ƙasar nan, sashe na 210 na kundin laifuka ya ambace shi, amma wa zai kai ƙara a gidan haya? Babu wanda ya ce ga ta nan kafin a fara wannan labari, babu kuma wanda ya ce ƙarya ce na shara muku.

Wannan ne ya sa nake da ƙorafi kan yawancin labaran aljanu na manya da ake sakawa a Wattpad da zaurukan WhatsApp, ko ake karantawa a YouTube. Masu sauraronsu suna da yawa a nan. Ka bi layin manyan gidaje da ƙarfe biyun dare, za ka tarar da maigadi kan benci, shayi a gefe, waya a kunne, ana karanta masa babi na arba'in. Amma me ake ba shi? Aljanin kullum ɗan sarki ne kyakkyawa da ya faɗa soyayya, kamar an ɗauko shi daga fim ɗin Indiya an sa masa rawani. Mugun kuma kullum kishiya ce, ko uwar miji, ko tsohuwa, ko maƙwabciyar da ba Bahaushiya ba. Wanda ya sha irin wannan dare ɗari, ranar da ɗansa ya kwanta ciwo ya riga ya san ɗakin da zai kalla.

Alhali abin rubutawa yana nan birjik a gabanmu. Tun da layin dogo daga Legas ya isa Kano mutanenmu ke sauka a garin nan, fataken goro da na shanu, sannan 'yan ci-rani. Da yawa sun mutu a nan, an yi musu sutura a ranar kamar yadda addini ya ce, iyalansu a Arewa ba su taɓa ganin kabarin ba. Akwai matar da har yau take kiran lambar mijinta don ta ji ko za ta shiga. Akwai waɗanda suka fita ranar 27 ga Janairun 2002, da bama-bamai suka tashi a barikin soja na Ikeja, jama'a suka ruga cikin duhu suka afka magudanar ruwan Oke-Afa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Yarabawa suna da wani abu da suke kira akudaaya, mutumin da ya mutu a garinsu amma a gan shi a wani gari yana kasuwanci har ya yi aure. Ban yarda haka na faruwa ba, amma na fahimci zuciyar da ta haifi labarin, domin ita ce zuciyar duk uwar da aka ce mata ɗanta ya rasu a Ikko ba ta ga gawa ba. Labarin fatalwa mai kyau a kan irin wannan raɗaɗi yake tsayawa, kan bashin da ba a biya ba da gafarar da ba a nema ba. Marubucin da ya zauna a Mile 12 da ƙarfe ukun dare, lokacin da tireloli ke sauke tumatir da albasa, ko ya ratsa gadar Third Mainland da asuba hazo ya rufe ruwa, ba ya bukatar aron gidan sarautar aljanu daga kowa.

Na yara kuma ba sai an kai can ba. Littafi ɗan siriri ya isa, mai hoto, Hausa mai sauƙi, Dodon da ke zaune ƙarƙashin gadar Agege ko cikin tankin ruwan gidan haya, yaron da ya fi shi wayo, da ƙurunƙus a shafin ƙarshe. Makarantun Islamiyya da ke Agege da Idi-Araba da Obalende su ne kusan wurin da ya rage inda yaranmu ke haɗuwa su yi Hausa da junansu, kuma rabin sa'a ta tatsuniya a mako ba za ta rage wa hadda komai ba.

Inna ta koma Zariya bayan an yi mata aikin ido. Yanzu duk daren Juma'a ƙanwata na riƙe mata waya ta yi tatsuniya a turo mana, ɗiyata kuma ta iya amsawa tun kafin a kunna. Na ƙirga, tatsuniyoyi goma sha huɗu ne a bakin Inna, ta fara maimaitawa. Makon jiya na tarar da yarinyar ta cika shafi uku na littafin rubutunta da labarin wata fatalwa mai sayar da fura a tashar jirgin ƙasa. Da Turanci ta rubuta, don a makarantarsu ba a koyar da Hausa, ba ta san yadda ake lanƙwasa ƙ da ɗ da ɓ ba. Ranar Lahadi bayan la'asar muka zauna kan tabarmar Inna, muka fara da ƙ.