Ɗamarar Prato da Hubbaren Shehu

Shekarata shida ina aikin masaƙa a Prato, wani gari kusa da Fulorans a Italiya, kuma duk ranar 8 ga Satumba sai na tuna Sakkwato. A wannan rana garin yake cika a dandalin babban cocinsu, bishop ya hau wani mumbarin dutse da ke manne a kusurwar ginin ta waje, ya ɗaga wata 'yar ɗamara cikin akwatin gilashi. Tsawonta santimita 87 ne kacal, ulu ce mai launin kore-kore da zaren zinariya. Sun yi imani ɗamarar Nana Maryam ce. Sau biyar ake fito da ita a shekara, kuma makullai uku ke buɗe ma'ajiyarta: biyu a hannun hukumar gari, ɗaya a hannun coci.

Bara wata tsohuwa ta tsaya kusa da ni, jikanta na riƙe da hannunta. Da aka ɗaga akwatin sai ta daina magana, leɓunanta na motsi, hawaye na bin kuncinta. Na san wannan fuskar. Ita ce fuskar Goggona ranar da ta kai ni Hubbaren Shehu ina ɗan shekara tara, muka tuɓe takalma tun daga nesa, ta ce in rage murya.

Ni Musulmi ne, ban yarda a nemi wani abu a wurin ƙashi ko ƙyalle ba, kuma ban zo in sasanta aƙidu ba. Abin da ke damuna shi ne yadda 'yan uwa masu zuwa nan suke leƙa coci su ce gumaka ne kawai, su wuce. Wanda ya faɗi haka bai fahimci aikin da zanen bangon coci yake yi ba.

Ƙyalle ba ya magana. Ƙashin waliyyi da ƙashin kowa kamarsu ɗaya. Idan ka ce wa mutanen gari wannan ɗamarar Maryam ce, dole su tambaye ka: daga hannun wa zuwa hannun wa? A wurinmu amsar wannan tambaya sunanta isnadi. Su kuwa, a zamanin da yawancin jama'a ba su iya karatu ba, bango suka ba wa aikin. Shiga ɗakin da ake ajiye ɗamarar ka ga abin da mai zane Agnolo Gaddi ya zana a bango tsakanin 1392 da 1395. Ga Maryam ana ɗaukarta zuwa sama tana miƙa ɗamarar ga Toma, almajirin Annabi Isa. Ga wani ɗan kasuwar Prato mai suna Michele yana auro wata yarinya a Kudus, ɗamarar tana cikin kayan da aka ba ta. Ga jirgin ruwa yana dawowa da su. Ga shi a ƙarshen ransa yana damƙa ta ga limamin cocin. Hannu zuwa hannu, babu giɓi. Ko labarin gaskiya ne ko a'a, wannan wata magana ce daban; zanen dai shaidar mallaka ce. Kuma suna da dalilin neman shaida, domin a 1312 wani mutum ya yi yunƙurin sace ɗamarar, aka kama shi, aka kashe shi.

Haka abin yake a Venis. A 828 wasu 'yan kasuwa biyu suka sato gawar Markus, wanda Kiristoci ke ɗauka marubucin ɗaya daga cikin Linjiloli huɗu, daga Iskandariya ta Masar, kuma labarinsu ya ce sun rufe ta da naman alade don kada Musulmi masu binciken tashar ruwa su taɓa kwandon. Wannan labari ya yi mini ciwo da na fara jinsa, amma su abin alfahari ne a wurinsu, har suka shimfiɗa shi da ƙananan duwatsu da gilashin zinariya a saman ƙofofin cocin. A garin Assisi ma, wani waliyyinsu mai suna Faransis ya rasu a 1226, aka fara gina masa coci a 1228, aka mayar da gawarsa can a 1230, sannan bangon benen sama na cocin ya samu zanen fagage 28 na rayuwarsa. Kabari ne ya fara zuwa, mai zane ya biyo baya, kuɗin masu ziyara ya biya shi.

Mu ba mu bi wannan hanya ba, kuma ban ga laifin hakan ba. Hubbaren Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, babu fuskar kowa a bangonsa, haka na Muhammadu Bello a Wurno. Abin da suka ba wa fenti, mu harshe muka ba wa: waƙoƙin ajami, labaran karamomi, muryar malami bayan la'asar, muryar tsohuwa a tsakar gida. Goggo ba ta taɓa ganin hoton Shehu ba, amma tana iya kai ka daga Degel zuwa Gudu zuwa Sakkwato da baki, ta faɗa maka wanda ya gaya mata. Sha'awar ganin fuska kuma ba ta bar mu ba. Duk wanda ya ga hoton Shehu Ibrahim Inyass a gilashin mota ko tankin babur a Kano ya san haka.

Kowace hanya da irin asararta. Tasu ana iya yanka ta a sayar. Bernardo Daddi ya yi wa cocin Prato wani allon zane kan ɗamarar wajen 1337. Yau ƙasan allon yana gidan tarihi na garin, wani ɓangare na samansa kuma yana Niyok, inda masu yawon buɗe ido ke yaba launi ba tare da sanin akwai wata ɗamara ba. Tamu ba a iya sace ta, amma tana tafiya kabari tare da mai ita, kuma wannan ya fi tsorata ni. Bangon Gaddi ya wuce shekara 600 yana faɗin abu ɗaya. Goggo ta kusa tamanin.

Daren ranar, bayan an tashi daga dandalin, na kira ƙanena a gida na ce ya kai mata waya. Ta ce, "Ɗan nan, lafiya da daren nan?" Na ce lafiya lau, Goggo, waƙar nan da kike rera mana a hanyar Hubbare nake so, shi kuma ya danna ɗaukar murya. Ta yi gyaran murya, ta fara, ta tsaya a baiti na huɗu tana neman na biyar.